Mai Ciwon Sukari, Ka Kai Ƙafarka A Duba

(Jawabin da wani ma'aikacin lafiya, ɗan ƙungiya, ya gabatar a taronmu na Kuta)



Yau maganata a kan ƙafa ce. Neman abinci ne ya kawo iyayenmu ƙasar Gwari, kuma har gobe da ƙafa muke nemansa, wani a gona, wani a kasuwar doya ta Gwada, wani a kan hanyar Minna. To, ciwon sukari yana raba mutum da ƙafarsa.

Ga yadda abin yake. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Kitse ya taru a cikinsu, su tsuke, kamar yadda laka ke toshe kwata. Shan taba da hawan jini suna ƙara wa abin gudu.

Alamarsa ita ce, mutum yana tafiya sai sha-raɓarsa ta ɗaure da ciwo. In ya tsaya kaɗan ta sake shi, in ya ci gaba ta dawo. Sai mu ce ai tsufa ne, ko sanyi. Wani kuwa ba ya jin komai, don sukarin ya kashe masa jin ƙafa. Ƙaya ta soke shi bai sani ba, wurin ya zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa saboda jini ba ya isa. Daga nan ne ake kaiwa ga yanke yatsa ko ƙafa.

Shi ya sa ake gwaji tun kafin ciwo ya fito. Ba allura, ba tsaga. Likita zai taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. Sannan a auna ƙarfin jini a dantse, a auna a idon sawu, a raba na ƙafa da na dantse. Misali, dantse 130, ƙafa 90, ya ba da kusan 0.7. Daga 0.9 zuwa ƙasa, akwai toshewa. In lissafin ya haura 1.4 ma ba lafiya ba ce, jijiyoyin ne suka sandare, sai an ƙara bincike.

Don haka duk mai sukari ya kai ƙafarsa a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, ko nan babban asibitin Kuta, ko Minna. Ka cire takalminka da kanka, ka ce, "Likita, duba min ƙafata."

A gida kuma, duk lokacin alwala ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ka goge su bushe. Ban da tafiya ba takalmi. Ban da gasa ƙafa a garwashi da hunturu. Gyambon mai sukari ba na sakiya ba ne, na asibiti ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya, amin.