A Matso Kusa da Asibiti Tun Kafin Naƙuda

Jawabin editanmu ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Musawa



Maganata ta yau a kan haihuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Da yawansu nisa da jinkiri ne suka cuce su.

Kun san yadda abin yake. Naƙuda ta tashi da tsakar dare. Damina ce, rafi ya kawo, babu mota. Zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya kashe mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda tana kashe jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari. Masu wannan lalura ne ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

To, mene ne magani? Masaukin jiran haihuwa. Ɗaki ne kusa da asibiti. Mai ciki takan tare a ciki kamar mako 2 kafin lokacinta. Naƙuda na tashi, ga ungozomar asibiti a kusa. Ƙasar Habasha ta daɗe tana yin haka. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi irinsa don matan da ke nesa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ai muna kai mace goyon ciki gidan iyayenta. To, a kai ta gidan dangi da ke kusa da asibiti, a Musawa ko Malumfashi ko Funtua. In babu dangi, ƙungiyar gari ta kama ɗaki.

Su wa suka fi bukata? Mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye. Awon ciki ne zai nuna. Amma in an ga jini, ko jijjiga, ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, a tafi asibiti nan take.

Magidanta, nauyin a wuyanku yake. Da kaka, a ware buhun masara ko na waken soya don kuɗin mota da abinci. A shirya wadda za ta raka ta, da wadda za ta kula da yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa. Amin.