Ubangiji Yana Tare Da Mu A Cikin Ruwaye

Jawabi ga wakilan ikkilisiyoyin Yauri, Ngaski da Shanga a taron addu'a da zumunci

Sannunku da haƙuri, musamman waɗanda suka baro iyali a makarantun firamare da gidajen dangi saboda ruwa ya ci gidajensu.

Mu mutanen bakin kogi ne. Kogin Kwara ya ciyar da kakanninmu, Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa, da kifi da albasa da shinkafa. Shi ne kuma ya sha korar mu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutum wajen 44,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibirai da yawa na Gungawa suka tafi ƙarƙashin tafki tare da gonaki da kaburburan iyaye. Masunta a cikinmu sun san kogin nan yana cika sau biyu: farin ruwa na damina, sa'an nan baƙin ruwa da ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini ya iso mana da sanyin hunturu. Mun ga ambaliyar 2012. Mun ga ta 2020 da ta kwantar da shinkafar Jihar Kebbi ana dab da girbi. Mun ga ta 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayu na 2021 ba.

Tambayar da ke damun zukata ita ce: ko Allah yana fushi da mu ne? Wasu sun riga sun yanke hukunci, sun ce zunubin wane ne ya jawo wa gari. 'Yan'uwa, mu yi hankali da harshe. A Luka sura 13 an tuna da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Yesu kuwa ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ya kira kowa ga tuba, har da masu nuna yatsa. Gwauruwar da rumbunta ya narke ba ta fi mai gidan tudu zunubi ba. Gidanta a kwari yake, shi ke nan. Kada mu ɗora mata kunya a kan hasara.

To, ina ta'aziyyarmu? Mu buɗe Ishaya 43:2 idan mun koma gida, mu karanta wa yaranmu. An yi wannan magana ga mutanen da aka raba da ƙasarsu, kamar yadda aka raba iyayenmu da tsibiransu. Allah bai yi musu alkawarin hanyar da babu kogi ba. Alkawarin da ya yi shi ne ba za su haye su kaɗai ba. Wanda ya yi kuka a kan gonarsa bai kasa bangaskiya ba. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Mu bar masu makoki su yi makokinsu, mu kuwa mu zauna kusa da su.

Amma ta'aziyya ta baki kaɗai ba ta ƙosar da yaro. A Ayyukan Manzanni sura 11, da masu bi na Antakiya suka ji yunwa tana zuwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Ba su jira Roma ba. Mu ma ƙananan ikkilisiyoyi ne, wata majami'a ba ta kai gida goma ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka muna roƙon abu huɗu.

Na fari, kowace ikkilisiyar da ke kan tudu ta ware hatsi daga baikon girbi, a yi rumbu ɗaya domin 'yan'uwan bakin ruwa, a haɗa da irin shuka don noman rani.

Na biyu, dattawa su rubuta sunan kowane gida da abin da ya rasa, su kai wa mai gari da ƙaramar hukuma, domin idan NEMA ko HYPPADEC sun kawo agaji kada a tsallake kowa. Mu nemi hakkinmu da ladabi, da takarda a hannu.

Na uku, idan an yi shelar ruwa yana zuwa, mu tashi da wuri. Nuhu ya ji gargaɗi ya sassaƙa jirgi, kuma bangaskiya aka lissafta masa. Mu tafasa ruwan sha saboda amai da gudawa, yara su kwana cikin gidan sauro, kada mu cika jirgi fiye da kima ranar kasuwa.

Na huɗu, kada mu tambayi addinin mai yunwa. Ruwa bai tambaya ba da ya shigo. Sau nawa kwalekwalen maƙwabcinmu Musulmi ya kwashe 'ya'yanmu da dare? Abin da ke rumbun ikkilisiya, a auna masa shi ma da mudu ɗaya da namu.

Bari Allah na dukan ta'aziyya ya share hawayen waɗanda suka yi rashi, ya mayar da abin da ruwa ya kwashe, ya riƙe mu ɗaya har ruwa ya janye mu koma gonakinmu. Mu tashi tsaye mu yi addu'a.