Ma'aunin Daidaito: Ƙaramin Kayan Aiki Mai Tsare Dukiyar Shekaru

Jawabin da kwamitin ayyuka ya gabatar a taron shekara na 'yan ƙungiya mazauna Kaduna



Tun lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri cikin 1957, aka kuma buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a 1975, sannan matatar mai a 1980, mutanenmu ke kwararowa kudancin Kogin Kaduna neman halaliya. Yawancin masaƙun nan sun daɗe da yin shiru, amma burin da ya kawo iyayenmu yana nan: kowa ya mallaki muhallinsa a nan birni, ya kuma kafa ko da ɗaki biyu ne a mahaifa. Daga Barnawa zuwa Narayi, daga Makera zuwa Sabon Tasha da Gonin Gora, duk inda ka duba bulo ake jerawa. Ita ma ƙungiya aikinta ke nan: ajin makaranta, ɗakin shan magani, zauren taro. Saboda haka muka ga ya dace mu ja hankali kan wani kayan aiki da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na siminti da rodi, amma shi ke hukunta kowane layin bulo.

Muna nufin sandar nan da birkila ke ɗorawa a kan bango, mai 'yan kwalabe da ruwa kore-kore a ciki. Wani masani Bafaranshe, Melchisédech Thévenot, shi ya ƙirƙiro ta wajen 1661. Ruwan da ke ciki sinadari ne marar kauri, an kuma bar gurbin iska kaɗan. Da yake cikin kwalbar yana da ɗan tozo, ƙwayar iskar kullum tana neman wuri mafi tudu. In ta tsaya tsakanin layuka biyu, wuri ya daidaita. Kwalbar tsakiya ta kwance ce, ta gefe kuma ta tsayuwar bango ce.

To, ina haɗarin yake? Ma'auni ma yana ƙarya, kuma ƙaryarsa ta fi rashinsa illa, domin magini zai gina karkatacce zuciyarsa a kwance. Mu yi lissafi. In ma'auni ya kauce da milimita 3 a kowace mita, bango mai tsawon mita 10 zai ƙare da bambancin santimita 3 tsakanin kusurwa da kusurwa. Daga nan sai linta ta karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa, kafinta ya yi ta cusa katako a ƙarƙashin rufi, mai shafe kuma ya cinye buhunan siminti wajen ɓoye aibin. Mai gida ne zai biya duka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma batun ruwa. Daminar Kaduna doguwa ce, kuma mazauna bakin kogi ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Daɓen tsakar gida da na makewayi da magudanar ruwa duk suna bukatar gangare da aka auna, misalin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In awo ya kuskure, ruwa zai kwanta a gindin bango, danshi ya hau, fenti ya ɓare, sauro ya samu gida.

Idan za mu saya, ga abin da za mu lura da shi. Na farko, jiki: a zaɓi na alminiyam mai kauri, wanda ba ya lanƙwasa in an murɗa shi, gefensa sumul, bakinsa biyu da roba saboda faɗuwa. Na biyu, kwalba: ta kasance a kafe daram, ruwanta garau, ƙwayar iskar tana motsi da zarar an ɗan ɗaga gefe ɗaya. Wadda ke nawa ko mannewa, a ajiye ta. Na uku, tsawo: mai santimita 120 domin bango da ƙofofi, mai santimita 60 domin taga da tayil, ɗan ƙarami kuma na aljihu domin masu aikin famfo da lantarki. Gajeren ma'auni a kan dogon bango yaudarar kai ne. Na huɗu, alƙawarin maƙera: nagari yakan zo da rubutun cewa kuskurensa bai wuce rabin milimita a mita ɗaya ba. Sunaye irin su Stabila da Stanley sun shahara, sai dai suna a jikin kaya ba shaida ba ne, tunda jabu ya iya kwaikwayo. Araha kuwa ba ta ado.

Shaidar gaskiya gwaji ce, kuma ana yin ta a gaban mai shago. A ɗora ma'aunin a kan tebur, a lura da inda ƙwayar iskar ta tsaya. A juya shi, bakin dama ya koma hagu, a daidai wurin da yake. In ƙwayar ta koma mazauninta na farko, ma'aunin mai gaskiya ne, ko da teburin a karkace yake. In ta sauya wuri, kada a saya ko da kyauta ne. Haka za a yi a jikin bango domin kwalbar tsaye. A maimaita gwajin duk lokacin da ma'aunin ya faɗi, a kuma wanke masa siminti kafin ya bushe. Wajen fitar da harsashi mai faɗi, siririn tiyo mai ruwa da igiya mai nauyi a ƙasa har gobe amintattu ne, sai a sa su su yi wa sandar shaida.

Kada a fahimce mu a baibai. Ma'auni ba ya maye gurbin injiniya, ko ingantaccen rodi, ko izinin hukumar tsara birane ta KASUPDA. Benen da ya rufta a Ikoyi ta Legas a 2021, da makarantar da ta faɗa kan ɗalibai a Jos a 2024 har mutum 22 suka rasu, al'amura ne da suka fi ƙarfin sandar awo. Amma halin da ke cewa "a bar shi haka nan" tun a layin bulo na farko, shi ne ke girma har ya kai ga makoki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka muna ba da shawara uku. Ƙungiya ta mallaki nata ma'aunin da aka gwada, kada a biya ɗan kwangila kuɗin wani mataki sai an ɗora shi a kan aikin. Duk mai aika kuɗi gida domin gini ya haɗa da ma'auni, ya koya wa wakilinsa gwajin juyawa, tunda gani ya kori ji. Matasanmu masu koyon gini, ko a hannun oga ko a reshen Kwalejin Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa, mu sa wannan sanda cikin tallafin da muke ba su.

Maginin kirki ba ya jin haushin a auna aikinsa. Allah ya sa abin da muka gina ya zame wa 'ya'yanmu inuwa.