Baiwar da Allah Ya Ba Mutum: Jawabi a Madadin Jama'ar Kirista

Mai martaba Sarkin Kance, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da masu gari, malamai da limamai, wakilan hukuma daga Matamai da Damagaram, iyayenmu mata, jama'ar Kance baki ɗaya, ina gaishe ku da gaisuwar girma.

An ba mu, mu Kirista, damar yin magana a wannan biki na cika shekara ɗari, ko da yake mu ƴan kaɗan ne a ƙasar nan. Mun gode. Zan yi magana a kan tambayar da matasanmu suka fi yi wa dattawan ikilisiya: ta yaya mutum zai gane aikin da Allah ya kira shi ya yi?

Da yawa suna zaton kira shi ne a zama fasto, ko a ga wahayi cikin mafarki. Littafi Mai Tsarki ya faɗaɗa abin fiye da haka. A Littafin Fitowa an ba da labarin Bezalel, wanda aka cika da Ruhun Allah domin ya yi ƙira da sassaƙa, ba domin wa'azi ba. Manzo Bulus kuma ya kwatanta jama'a da jiki ɗaya mai gaɓoɓi dabam-dabam, kowace da aikinta. Bahaushe bai rasa fahimtar wannan ba, domin a fada akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Pawa, kuma ba wanda ke riƙe wa wani sana'arsa.

Ga misali daga maƙwabta. Ishaya Audu, wanda aka haifa a ƙasar Zazzau a 1927, likitan yara ne. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje na Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Sai a ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa ga aikin fasto. Wa zai ce shekarun da ya yi yana duba ƴaƴan mutane ba kira ba ne?

Misali na biyu ya fi kusa da gonakinmu, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi a 1981 a ƙarƙashin mishan ta SIM. Ya yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa saboda rana da iska da awaki, har ya kusa fid da rai. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirrai da ake sassabewa a gona kowace bazara ba ciyawa ba ce: tohon kututturan itatuwa ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi ya girma. Wannan shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai kimanin hekta miliyan 5, kuma an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Sai dai a faɗi gaskiya, a nan ƙasar Matamai da Magarya da Mirya manoma ne da kansu, Musulmi mafi yawansu, suka bar gawo ya tsaya a gonakinsu, domin sun san yana zubar da ganye da damina, ya ba gero taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Abin lura shi ne, mutumin nan ya gane kiransa bayan ya sha kasawa, kuma ya gane shi ne a cikin abin da yake takawa kullum.

Saboda haka muke gaya wa matasanmu su fara da duba abin da hannunsu ya iya, su saurari shaidar da mutane ke yi musu, domin sau da yawa maƙwabci ke riga mutum ganin baiwarsa. Sa'an nan su dubi bukatar garinsu, su yi addu'a, su gwada. A misalin da Yesu Almasihu ya bayar a Matiyu sura 25, bawan da aka tsauta wa bai saci kome ba. Binne abin da aka ba shi amana ya yi, don tsoro.

Ranka ya daɗe, bukatar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama kuma daga wannan yanki namu. Ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abinci. Kowane yaron da ya kwanta a rairayin nan yana da baiwar da ba a kai ga sani ba, wataƙila ta malanta, wataƙila ta ungozoma ko ta noman rake a fadama.

Roƙonmu ga fada shi ne a ƙarfafa wa masu sana'a su riƙa ɗaukar yaran gari koyon aiki, ba tare da duba addinin iyayensu ba, a kuma tsaya a kan ƴaƴa mata su kammala makaranta. Mu a namu ɓangare, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu ɗinki da ke cikinmu a shirye suke, duk ranar da Sarki ya aiko a kira su.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya zaunar da Kance lafiya. Amin.