Laifin Tafinta Ne Ko Na Mai Magana?



Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin Turawa, lokacin da talaka kan tsaya gaban Di'o, shi ba ya jin Turanci, Baturen kuma wani sa'in Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Tsakaninsu sai tafinta. In magana ta yi daɗi a yabi Bature, in ta ɓaci a tsine wa tafinta. To, maganarmu ta yau ta tafinta ce, sai dai namu a cikin kwamfuta yake zaune.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke riƙe da gidan, watau irin su Windows da Linux da macOS. Ƙananan manhajojin da muke aiki da su ba sa taɓa allo ko faifan ajiya da kansu. Roƙon babbar suke yi: buɗe mini wannan fayil, zana mini wannan harafi. Kowace babba kuwa da harshen da take jin roƙo da shi, saboda haka manhajar da aka rubuta don Windows, in ta sauka gidan Linux, baƙuwa ce da ba ta iya ko neman ruwan sha ba. Domin wannan ne aka fara aikin Wine a 1993, wanda Alexandre Julliard ya karɓi ragamarsa a 1994. Wine ba ya ƙera wata kwamfuta ta bogi a cikin taka. Roƙon Windows yake karɓa ya juya shi nan take zuwa abin da Linux ke ji. Sai a 2008 aka fitar da fitowa ta 1.0, shekara 15 ke nan, domin Microsoft bai buɗe asirin ginin Windows ba, kuma manhajoji da yawa sun dogara da halayen da ba a rubuta su ko'ina ba, har da kurakurai. Dole tafinta ya koyi har da in'inar mai gida.

A kan Wine ne kamfanin Valve ya gina Proton a 2018 saboda wasannin kwamfuta. Microsoft ma ya gwada fassara ta ɗaya ɓangaren a 2016 da WSL, don manhajojin Linux su yi aiki a Windows, amma a 2019 ya sanar da WSL 2, inda ya ajiye fassarar ya ɗauko ainihin zuciyar Linux ya ba ta ɗaki a cikin gidan. In kamfani mai wannan dukiya ya ga fassara ta yi masa nauyi, sai mu rage zagin 'yan sa-kai.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne wani abu da ya same mu a ɗakin kwananmu bara. Wani abokinmu ɗan ajin ƙarshe yana rubuta kundinsa a kan karin magana, yana tara misalansa cikin wata tsohuwar manhajar Windows, kwamfutarsa kuwa Linux ke kanta, don haka ta hannun Wine yake aiki. Ran nan ya buɗe fayil, sai ya tarar duk inda ya rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ alamar tambaya ce a wurin. Saura mako biyu a miƙa kundi. Muka taru a kansa, kowa gwani: wannan ya ce a sake ɗora Wine, wancan ya ce a zuba sababbin zubin haruffa, wani ya ce a share Linux ɗin baki ɗaya a huta. Kwana uku muna haka, kuma da yake muna canza abu biyar a lokaci guda, ko da wani ya yi amfani ba za mu san wanne ne ba.

A rana ta huɗu muka yi abin da ya kamata a fara da shi. Muka ari kwamfuta mai Windows, muka ɗora manhajar, muka rubuta "ƙasa", muka adana, muka buɗe. Alamar tambaya ta fito. Ashe tafinta amana ya riƙe, abin da aka faɗa masa ya isar. Manhajar ce tsohuwa, ba ta san Unicode ba, tana ajiye rubutu da tsohon jadawalin Windows-1252, mai gurbi 256 kacal, wanda aka tsara don harsunan yammacin Turai. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ.

Ga abin da muka koya, kuma muna roƙo a riƙe shi, domin ɓacin harafi iri uku ne, kowanne da maganinsa. In ka ga ɗan akwati a madadin harafin, rubutunka yana nan lafiya, zubin haruffan ne ba shi da hoton ƙ. Sauya zubi, shi ke nan. In ka ga wani gwamutsi kamar Æ™ a inda ƙ take, an adana fayil da tsarin UTF-8 aka karanta shi da 1252. Rufe shi ba tare da ka adana ba, ka sake buɗewa da tsarin da ya dace. Amma in alamar tambaya ce, kuma ta riga ta shiga fayil, harafin ya tafi. Babu gwanin da zai dawo da shi, don na'ura ba ta san ko ?ari ɓari ne ko ɗari ko ƙari ba. Abokinmu da hannu ya bi misalansa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna taya shi da shayi.

Ba kullum ne tafinta ke da gaskiya ba, kada a ce mun zama lauyoyinsa. Sai dai in ya gaza yakan faɗa, mu ne ba ma saurare. Wanda ya tayar da manhaja daga baƙin allon rubuta umarni zai ga Wine yana zubo bayani. Layin da ya fara da "fixme" yana nufin akwai roƙon da ba a gama koya masa ba, kuma yawancinsu ba sa hana aiki. Wanda ya fara da "err" shi ya kamata a fara dubawa, musamman na ƙarshe kafin manhaja ta mutu. Sau da yawa wani ɗan fayil ne mai ƙarewa da DLL ba a samu ba. Sannan a gwada manhajar a sabon gida: Wine yakan gina wa baƙinsa wani ɗan Windows na ƙarya a cikin folda, da faifan C ɗinsa, kuma ana iya gina wani fes da umarnin WINEPREFIX. In ta yi aiki a sabon, to tarkacen da muka jibga a tsohon ne matsalar. A kuma leƙa rumbun AppDB na masu Wine, inda masu amfani ke ba kowace manhaja daraja, daga Platinum har zuwa Garbage, watau shara. In manhajarka a shara take, kada ka kwana a kanta.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata kuwa, akwai iyakar da ya kamata ku sani kafin ku yi wa maigida alkawari. Wine yana fassara maganar manhajoji ne, ba ya ɗaukar direbobin na'urori da aka rubuta don zuciyar Windows. Saboda haka tsohuwar manhajar ofis da ba ta tashi sai an soka mata ɗan makulli a ramin USB, ko na'urar ɗaukar zanen yatsa mai direban Windows kaɗai, da wuya su yi aiki ta wannan hanya. A nan gara a ba Windows na gaske ɗaki a cikin kwamfutar, da irin su VirtualBox, kamar yadda Microsoft ya yi wa Linux.

Mun ga shugaba yana duban agogo. Wanda ya zo da kwamfutarsa ya same mu a bayan zaure in an tashi, amma don Allah ya kwafe fayilolinsa a filashi kafin mu taɓa komai.