Kafin ka miƙa kuɗin fili



Ƴan uwana matasa, da yawanmu muna tara kuɗi don mu mallaki ɗan fili, wasunmu kuma yayye ne da ke ci-rani suke aiko musu a saya. To, ku riƙe wannan: takardar da ke hannun mai saidawa ba ta isa hujja ba, sai ka je ofishin da ya bada ta.

In filin lotisma ne, ɗauki lambarsa ka tafi ofishin magajin gari, a buɗe rajista, ka ga sunan wa ke ciki. Sau nawa aka saida fili guda ga mutum uku, kowa da takardarsa? In yana da titir fonsiye, je ofishin domen, can ake rubuta jingina. Gidan da aka ci bashin banki a kansa, ko ya canza hannu, bashin na biye da shi. In gona ce a ƙauye, dokar Kod Rural ta 1993 ta tanadi kwamitocin Kofo, su ke bada shaidar saye.

Sai maganar gado. An raba? Magada duka sun yarda, har mata da marayu? Babban wa ba ya saida rabon ƙannensa, in ka saya ka sayi shari'a da alhaki.

Dillali zai ce maka: "Wani na zuwa da kuɗi gobe." Bar shi ya zo. Kai dai bincika, sannan ka biya gaban noter da shaidu.

Allah ya tsare mana guminmu. Wassalamu alaikum.