Kada Ka Bi Shi da Gudu

   

Yau maganarmu a kan ɗan kwikwiyo ce, wanda ya ɓace a daji cikin tsoro, da yadda mai shi zai neme shi. Na san wani zai yi dariya ya ce, "Malam, duk damuwar da ke cikin duniya, sai zancen kare?" Ka yi haƙuri, ɗan'uwana, ka saurara har ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin yaro ya ƙi cin tuwo kwana biyu domin kwikwiyonsa bai dawo ba, ya san abin ba wasa ba ne. Littafin Karin Magana ma, sura 12 aya 10, ya sa kula da dabba cikin halin mutumin kirki.

Ga yadda abin yakan faru. Iyali sun fita hawan dutse ranar hutu, a ce duwatsun Shere da ke gabas da Jos, waɗanda ƙwanƙolinsu ya fi mita 1,800, ko kuwa dutsen Kagoro. Sun ɗauki kwikwiyonsu ɗan wata huɗu. Da suka bar titin mota sai suka kwance masa igiya, gama a gida ba ya rabuwa da ƙafarsu. Ana cikin tafiya sai aka yi tsawa, ko wani maharbi ya saki bindiga, ko manyan karnukan wani ƙauye suka taso masa. Kafin a ce kwabo ya shige ciyawa. Aka kira, aka kira, shiru.

Abu na fari da ya kamata mu gane shi ne abin da tsoro yake yi wa kare. Sa'ad da ya firgita ƙwarai, zuciyarsa tana bugawa da sauri, jikinsa duka ya shirya domin gudu. A wannan hali ba ya tsayawa ya bambanta murya. Kowane motsi abokin gāba ne a gare shi. Masu aikin neman karnukan da suka ɓace sun sha ganin kare ya guje wa wanda ya rene shi tun yana jariri, har sai iska ta kai masa warin jikin mutumin, sa'an nan hankalinsa ya komo. Saboda haka idan ka kira shi bai zo ba, kada ka ce ya raina ka. Tsoro ne ya toshe masa kunne.

Wani zai ce, ai kare ba ya ɓata, yakan san hanyar gida. Akwai gaskiya a ciki. A shekara ta 1923 wani kare mai suna Bobbie ya ɓace wa masu shi a jihar Indiyana ta Amurka, bayan wata shida ya iso ƙofar gidansu a jihar Oregon, tafiyar kusan kilomita 4,000. A shekara ta 2020 kuma waɗansu masana a ƙasar Cek suka bayyana binciken da suka yi da karnukan farauta 27, waɗanda suka ɗaura wa na'urar nuna inda suke. Suka ga yawancin lokaci karnukan suna komowa ne ta bin sawun kansu da hanci, wani lokaci kuma su yanke sabuwar hanya su tarar da maigidan. Amma ku lura, waɗannan duka manyan karnuka ne. Kwikwiyo bai san daji ba, ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, kuma ba ya jure yunwa da sanyi kamar babba. Sau da yawa ba ya yin nisa. Yakan sami ƙarƙashin dutse ko duhuwar ƙaya ya lafe, yana jinku kuna wucewa, ba zai ko yi haushi ba.

To, me za a yi?

Na ɗaya, ka tsaya a wurin da ya ɓace. Wannan yana da wuya, gama ƙafa tana ƙaiƙayi, kowa yana so ya ruga. Amma tun da kare yakan bi sawunsa ya komo, wurin da kuka rabu da wurin da kuka ajiye mota su ne wuraren da zai fi nema. Idan ya dawo ya tarar ba kowa, sai ya sake juyawa. Ku bar mutum ɗaya a can, wanda kwikwiyon ya fi sabawa da shi. Ya zauna, yana magana a hankali kamar yadda yake yi a gida. Ku sa alama a wurin, ku riƙe lokacin da abin ya faru da gefen da ya nufa.

Na biyu, ku rage ihu. Mutum goma da suka bazu cikin daji suna ƙwala kira, suna bugun ciyawa da sanda, a kunnen kwikwiyo daidai suke da 'yan farauta. Za su kore shi ne daga inda ya ɓuya zuwa inda ba wanda ya sani, watakila har bakin titin mota. Wata mace mai suna Kat Albrecht, wadda ta yi aikin ɗan sanda da karnukan bin sawu a Amurka, ta kafa ƙungiyar neman dabbobin gida da suka ɓace a shekara ta 2001. Abin da ta daɗe tana koya wa mutane ke nan, cewa kare mai tsoro ba a binsa da gudu, ba a kuma ta ƙwala masa kira. Masu nema su zama kaɗan, su yi tafiya sannu, suna tsayawa suna kasa kunne. Su leƙa ƙarƙashin duwatsu da bakin rafi, gama ƙishi zai kai shi wurin ruwa. A ƙasar Filato kuma a duba tsofaffin ramukan kuza, masu neman ma su kula da ƙafarsu a wurin.

Na uku, ka yi magana da hancinsa, gama ta nan ya fi ji. Idan rana ta faɗi ba a gan shi ba, kada ku tafi ku bar wurin haka kawai. Ka tuɓe rigar da ka yi gumi a ciki ka ajiye. Idan gida yana kusa, a kawo tsumman da yake kwana a kai. A ajiye ruwa cikin kwano. A sa ɗan abinci mai ƙanshi, kamar busasshen kifi ko gasasshen nama, amma kaɗan, domin da yawa zai jawo waɗansu namun daji. Ka share ƙasa kewaye da kwanon ko ka barbaɗa toka, da safe sawu zai gaya maka wanda ya zo. Sa'an nan ka dawo da asuba tun gari bai waye sosai ba, ka kuma dawo da magariba. A waɗannan lokatai ne daji yake yin shiru, dabba mai tsoro kuma take samun ƙarfin halin fitowa. Idan akwai uwarsa ko wani kare da suka saba, a zo da shi a igiya. Sau da yawa kare ya fi saurin amincewa da ɗan'uwansa kare.

Na huɗu, ka faɗa wa mutane tun da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka je wurin mai unguwa na ƙauyen da ke gindin dutsen. Ka gaya wa manoma, da mata masu itace, da yara masu kiwo, gama su ne idon daji. Ka nuna musu hotonsa a waya, ka bar lambarka. Ka roƙe su abu guda: wanda ya gan shi kada ya yi ƙoƙarin kama shi, ya riƙe wurin da lokacin kawai, ya aiko. A wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a shekara ta 2012, an sami karnuka 93 cikin 100 na waɗanda suka ɓace, kusan rabinsu kuma ta wurin neman da aka yi a kewayen unguwa ne. Ƙasarsu dabam, tamu dabam, amma darasin ya ishe mu: mai nema yana tare da samu, kada ka fid da zuciya a kwana ɗaya.

Yanzu ga wuri mafi wuya. A ce ka hango shi, ga shi can tsaye a kan dutse, ya rame, yana rawar jiki. Zuciyarka za ta ce ka ruga ka rungume shi. Ɗan'uwana, a nan ne mutane da yawa suke sake rasa shi. Kada ka nufe shi kai tsaye. Kada ka zuba masa ido, gama a wurin kare wannan barazana ce. Ka zauna a ƙasa, ka juya masa gefenka, ka mai da kanka ƙarami. Ka buɗe ƙunshin abincin, ka yi kamar kai kake ci, kana jefa ɗan guntu nesa da kai, sa'an nan kusa kaɗan. Idan iska tana busawa daga wurinka zuwa wurinsa, ya fi kyau. Zai yi taku biyu ya tsaya, ya koma baya, ya sake matsowa. Abin yakan ɗauki minti goma, yakan kuma ɗauki sa'a guda. Ka bar shi ya ƙarasa tafiyar da ƙafarsa. Sai ya shinshine ka, ka ga wutsiya ta fara kaɗawa, sa'an nan ka sa hannu a hankali ka ɗaura igiya.

Ku kula da wannan kuma. Kare mai tsoro ko mai rauni yakan ciji ko da mai shi. Kada a bar ƙananan yara su kama shi. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gida. Ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma idan alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Kwikwiyon da ya kwana a daji, a kai shi wurin likitan dabbobi ya duba shi. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafin wannan ciwo tun yana ɗan wata uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa a shekara ta 1924, tana cikin masu yin wannan allura a ƙasarmu.

Idan kun isa gida, kada ka doke shi. Na san ka sha wahala, ka yi asarar barci, ƙaya ta yayyage maka ƙafa. Amma kare ba ya haɗa dukan yau da gudun shekaranjiya. Abin da zai koya shi ne, ranar da ya dawo hannunka, ranar ya sha sanda. Gobe idan ya sake firgita, zai yi tunani sau biyu kafin ya zo. Ka ba shi ruwa, ka ba shi abinci kaɗan kaɗan, ka bar shi ya yi barci. Daga baya ka koya masa amsa kira a cikin gida, kana ba shi lada duk sa'ad da ya zo. Ka sa masa abin wuya mai lambar wayarka. In za ku sake hawan dutse, doguwar igiya ta ishe shi sakewa har ya girma ya san muryarka sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu sauraro, kafin lokacinmu ya ƙare, bari in tambaye ku. Kwikwiyo ne kaɗai tsoro yake kora daji? Akwai yaron da ya faɗi jarrabawa, ya ƙi komawa gida domin ya san bulalar da ke jiransa. Akwai yarinyar da ta yi kuskure, ta gudu birni, ba wanda ya san inda take kwana. Akwai ɗan'uwan da ya ci bashi ya kasa biya, yanzu in ya hango ka sai ya sake hanya, ya daina zuwa sujada. Mukan ce sun yi taurin kai. Da yawansu kunya da tsoro ne suka lafe da su, suna jin muryarmu sarai, ba su dai amince cewa lafiya muke kira ba. Mu kuwa sai mu ƙara ɗaga murya, mu tara dangi, mu aika saƙon faɗa, mu kore su gaba.

A cikin Luka sura 15 Yesu ya ba da misalin makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya guda. Ku sake karanta wurin a daren nan, ku duba abin da makiyayin ya yi sa'ad da ya same ta. A kafaɗa ya ɗauko ta, da murna ya komo, har ya kira maƙwabta. Ba a ambaci sanda ba ko sau ɗaya. Idan akwai wanda ya ɓace maka, uba, uwa, dattijon ikilisiya, ka tsaya inda zai iya samunka. Ka bar masa alamar da zai gane cewa gida yana nan. Ka sauko ƙasa, ka rage murya, ka ba shi lokaci. Ranar da ya shigo kuma, a fara ba shi ruwa da abinci. Maganar gyara tana da ranarta.

In kuwa kai ne ka lafe a ƙarƙashin dutse, kana jin ana kira kana rawar jiki, ka sani wanda ke nemanka bai gaji ba. Ka yi taku ɗaya yau.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu haƙuri wajen neman abin da ya ɓace mana, ka ba mu taushin hannu ranar da muka same shi. Ka kiyaye duk wanda zai kwana a waje cikin tsoro a daren nan. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.